Tun ran gini ran zane: tarihin ajin zana da kuɗin gina makarantu a Nijar

Kowace shekara, da zarar an gama girbi an kai damman hatsi rumbu a ƙasar Yekuwa da sauran garuruwan Magarya da Dungas, akwai wani aikin da ke jiran iyayen yara. Sai an tara kara, an nemo zana, an saro itace, an kafa rumfunan da yara za su zauna su yi karatu. A takarda, a watan Oktoba ake komawa lakwal. A ƙauyuka da yawa kuwa karatu ba ya kankama sai kara ya samu, kuma da hadarin farko ya taso a watan Mayu ko Yuni, iska ta kwashe rumfar, shekarar karatu ta ƙare ke nan. Abin ya zama jiki har mun daina ganin sa a matsayin matsala.

A shekarar 2021 gwamnati da bakinta ta ce akwai azuzuwan zana kimanin 36,000 a faɗin ƙasa. A cikin wannan shekarar kaɗai, gobara biyu a irin waɗannan azuzuwa ta hallaka yara sama da 40. Tambaya biyu ce ta kamata malamai da iyaye su yi. Yaya aka yi ƙasar da ta shekara hamsin tana sayar da uraniyum, ta kuma fara tace man fetur tun 2011, ta tsinci kanta a haka? Sannan idan an tashi maye gurbin waɗannan rumfuna cikin gaggawa, wane irin gini za a miƙa wa ƴaƴanmu?

Lokacin da magini ke da suna

Kafin zuwan Turawa, gini sana'a ce mai shugabanci a ƙasar Hausa. Akwai Sarkin Magina, akwai gidajen da aka sani da sana'ar, ɗa yana gadon uba. A Zariya har yau ana ambaton Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a a shekarun 1830. A Damagaram, ganuwar Birni da Sarki Tanimun ya yi a tsakiyar ƙarni na 19 ta bar kufai da ake nuna wa baƙi. Ginin ƙasa ba ya dawwama sai da kulawa, shi ya sa ake yin yaɓe kafin damina, a gyara indararo, a duba azara ko gara ta shige ta.

Ba sai an yi wa zamanin ado ba, don an gina manyan ganuwoyi da guminsu bayi da talakawa. Amma akwai abu ɗaya da tsarin ya riƙe: wanda ya yi gini a garin yake kwana. Idan soro ya rufta, kowa ya san hannun wa ya ɗora shi, kuma kunyar ta bi gidansu. Wannan kusanci tsakanin mai gini da mai zama a cikin gini shi ne abin da muka fara rasawa da zuwan kwangilar zamani.

Daga Turawa zuwa Samariya

Faransawa sun kama Damagaram a 1899, suka mai da ita babban birnin yankin har zuwa 1926 da aka koma Yamai. Hanyoyi da gine-ginen gwamnati na wancan lokaci da aikin tilas aka yi su, kuma ba a soke aikin tilas ba sai a 1946. Makaranta ba ta cikin abin da ya dame su, sai gwargwadon abin da zai samar musu da tafinta da malaman ofis. Da aka sami ƴancin kai a 1960, yaran da ke zuwa makarantar boko ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Da wannan giɓi ƙasar ta fara tafiya.

A shekarun 1970 uraniyum ya kawo kuɗi. An fara haƙa a Arlit a 1971, farashi ya hau, gwamnatin Seyni Kountché da ta karɓi mulki a watan Afrilun 1974 ta yi manyan gine-gine a Yamai, aka shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Arlit. A karkara kuwa ƙungiyoyin Samariya aka dogara da su, suka riƙa yin aikin gayya suna gina azuzuwa da tubalin ƙasa. Gine-ginen ba su da ƙawa, amma masu su ne suka yi su, ƙannensu ne kuma ke zama a ciki.

Daga farkon shekarun 1980 farashin uraniyum ya faɗi, fari ya biyo baya a 1984, bashi ya yi wa ƙasa katutu, sai aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni. Matsin da fannin ilimi ya shiga yana cikin abin da ya fito da ɗalibai zanga-zangar 9 ga Fabrairun 1990, inda aka harbe uku a gadar Kennedy. A watan Janairun 1994 aka rage darajar sefa da rabi, siminti da ƙarfe da kwanon rufi suka yi tsada. Shekarun 1990 sun wuce cikin yajin aiki da bashin albashi, gini ya kusa tsayawa cak, haihuwa kuwa ba ta tsaya ba.

Gudun da aka fara a shekarar 2000

A watan Afrilun 2000 ƙasashen duniya suka taru a Dakar suka yi alkawarin kowane yaro zai shiga makaranta kafin 2015. A lokacin kusan yaro ɗaya ne cikin uku ke firamare a Nijar. An yafe wa ƙasar wani ɓangare na bashinta, Shugaba Tandja Mamadou ya ƙaddamar da shirinsa na musamman a 2001, da burin gina azuzuwa dubu da ƙananan gidajen likita dubu a kowace shekara. A 2003 aka fara shirin ilimi na shekara goma da ake kira PDDE, masu ba da tallafi suka zuba kuɗi. Cikin shekara goma, adadin yaran da ke firamare ya haura kashi 70 cikin 100. Wannan nasara ce ta gaskiya, kuma da yawa cikin malaman da ke karanta wannan rubutu ta wannan ƙofa suka shigo.

Sai dai an yi ta ne da araha. Maimakon malamai masu cikakken horo da albashi, tun daga ƙarshen shekarun 1990 aka riƙa ɗaukar ƴan sa-kai, daga baya ƴan kwantiragi, har suka zama mafi yawan masu koyarwa a firamare. Maimakon aji na dindindin, sai aka ce a buɗe makaranta a ƙarƙashin rumfa na ɗan lokaci, kafin gini ya iso. Mutanen ƙasa kuma suna ƙaruwa: ƙidayar 1988 ta ba da miliyan 7 da ɗoriya, ta 2001 miliyan 11, ta 2012 miliyan 17. Magarya tana cikin yankunan da suka fi cunkoson jama'a a ƙasar. A ƙidayar 2012 gundumar Magarya, wadda Yekuwa ke cikinta, ta haura mutum dubu 570, Dungas da aka yanke daga jikinta a 2011 ta haura dubu 350. A irin wannan wuri, ko an gina aji uku bana, baɗi ana neman na huɗu da na biyar. Haka rumfar wucin gadi ta zama aji na har abada.

Kuɗin da ya ɓata a hanya

Yawan jama'a kaɗai ba ya bayyana komai. A 2006 binciken da masu ba da tallafi suka sa aka yi a ma'aikatar ilimin firamare da yaƙi da jahilci ya bankaɗo abin da aka sani da badaƙalar MEBA: kwangilolin kayan karatu da aka ba da ba tare da gasa ba, farashin da aka kumbura, da kashe kuɗin da ba shi da takardar shaida. Kimanin biliyan 4 na sefa aka yi ta magana a kai. An sauke ministoci biyu, Ary Ibrahim da Harouna Hamani, aka tsare su, masu tallafi suka dakatar da kuɗinsu na wani lokaci. Ranar 31 ga Mayun 2007 majalisar dokoki ta kaɗa ƙuri'ar yanke ƙauna ga gwamnatin Hama Amadou, kuma wannan batu ne aka kafa hujja da shi.

A 2020 kuma wani binciken ya fito daga ma'aikatar tsaro, kan sayen kayan soja tsakanin 2014 da 2019. Rahoton ya yi maganar sama da biliyan 70 na sefa da suka salwanta ta hanyar ƙarin farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba, ko da yake adadin da ya isa gaban shari'a bai kai haka ba. Mu yi lissafi irin na ɗan aji shida. A ce aji ɗaya na siminti yana cin miliyan 10. Biliyan 4 azuzuwa 400 ke nan, biliyan 70 kuwa azuzuwa 7,000. Wanda ya ci irin wannan kuɗi bai taɓa riƙe ashana ba, amma shi ne ya bar yara a ƙarƙashin kara.

Manyan ayyuka, ƙananan azuzuwa

A watan Nuwamban 2011 aka buɗe matatar SORAZ a arewa da Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana, kamfanin CNPC na ƙasar Sin yana da kashi 60, Nijar tana da 40. A shekarar da ta biyo baya tattalin arzikin ƙasa ya bunƙasa da sama da kashi 10 cikin 100. Yamai ta sami gadojin sama. A watan Afrilun 2014 aka fara shimfiɗa layin dogo daga Yamai zuwa Doso, kimanin kilomita 140, aka yi bikin buɗe shi a Janairun 2016 ana dab da zaɓe, kuma bai zama hanyar jigilar fasinja da kaya ba. Domin taron Tarayyar Afirka na Yulin 2019 aka sabunta filin jirgin saman Yamai, aka gina manyan otal da zauren taro cikin ƙanƙanin lokaci.

Babu laifi ƙasa ta yi filin jirgi mai kyau. Abin lura shi ne irin aikin da ake yi wa gaggawa. Aikin da za a yanke masa kyalle a gaban kyamara yana samun kuɗi da sauri. Aji ɗaya a wani ƙauye tsakanin Yekuwa da Sasumburum ba ya fitowa a talabijin, don haka yana iya jira.

Ranar Talata 13 ga Afrilun 2021, kwana goma sha ɗaya bayan rantsar da Shugaba Mohamed Bazoum, wuta ta tashi a makarantar unguwar Pays-Bas ta Yamai, unguwar talakawa da ba ta da nisa da wannan sabon filin jirgi. Azuzuwan zana kusan ashirin suka ƙone, yara 20 suka rasu, akasarinsu ƴan ajin renon yara. Rahotanni sun ce daga wajen ƙofar shiga wutar ta taso, babu wata mafita, manyan yara suka haura katanga, ƙanana suka kasa. Ranar Litinin 8 ga Nuwamba na shekarar, abin ya maimaitu a Maraɗi, yara ƴan shekara biyar zuwa shida aƙalla 25 suka rasu. Kwana ɗaya kafin nan ramin haƙar zinariya ya rufta a Garin Liman kusa da Ɗan Isa, ya kashe mutum 18. Majalisar ministoci ta haramta ajin zana ga ƴan ajin renon yara. A watan Fabrairun 2023 wuta ta sake cin wata makaranta a cikin garin Damagaram, yara uku suka rasu. Afrilu, Nuwamba, Fabrairu: duk watanni ne na rani, lokacin da kara ya bushe ƙarau, iska kuma tana kaɗawa.

Siminti ma yana kisa

Maganin da kowa ya amince da shi shi ne a gina azuzuwan siminti, dubbai, cikin sauri. A nan ne ya kamata mu dubi abin da ya sami waɗanda suka riga mu yin wannan gudu. Ƙasar Sin ta yi gine-gine cikin shekara talatin fiye da yadda wata ƙasa ta taɓa yi. Ranar 12 ga Mayun 2008 girgizar ƙasa ta auka wa lardin Sichuwan da rana tsaka, yara suna aji. Dubban azuzuwa suka rushe, a wasu wuraren kuma gine-ginen da ke maƙwabtaka da su suna nan tsaye. Gwamnati ta ce ɗalibai 5,335 ne suka mutu ko suka ɓata. Iyaye suka tona ɓaraguzai suka ga ƙarfe siriri da kankare mai marmashewa a hannu. Sinawa suna kiran irin wannan aiki ginin dusar awara. A Yulin 2011 jiragen ƙasa biyu masu gudun tsiya suka yi karo kusa da birnin Wenzhou, mutum 40 suka mutu, watanni kaɗan bayan an tsige ministan jiragen ƙasa Liu Zhijun, wanda kotu ta kama da laifin cin hanci a 2013.

Ba sai mun je nesa ba ma. Ranar Juma'a 12 ga Yulin 2024 benen makarantar Saints Academy ya rufta a unguwar Busa Buji ta Jos, ɗalibai suna cikin jarrabawa, mutum 22 suka rasu. Babu girgizar ƙasa, babu wuta. A daminar wannan shekarar, ambaliya ta kashe kusan mutum 400 a Nijar, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi a farkon Satumba, aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba saboda azuzuwa sun lalace, wasu kuma ƴan gudun ambaliya na ciki. Ruwan sama yana gwada gini yadda jarrabawa ke gwada ɗalibi, ba ya karɓar cin hanci.

Inda ake cin gini

Ɗan kwangilar da ya ba da kaso kafin a sa masa hannu, ya kuma ba da wani kafin a biya shi, ba daga aljihunsa zai cike giɓin ba. Daga jikin ginin zai cire. Wani lokaci ma wanda ya ci kwangilar a Yamai ko Damagaram bai taɓa taka garin ba, ya sayar wa wani, wanin ya sayar wa wani, kowa ya yanki nasa, abin da ya isa hannun magini bai kai rabin aikin ba.

Wuraren da ake ragewa sanannu ne. Buhun siminti ɗaya a matse shi ya fitar da bulo fiye da ƙima, har ka murza gefen bulon da yatsa yashi ya zubo. Tushe a haƙa shi sama-sama, alhali ƙasarmu ta jigawa ce, a bakin Korama kuma ruwa yana kusa. Ginshiƙin da aka rubuta masa ƙarfe mai lamba 10 ko 12 a sa masa mai lamba 6 ko 8, a kuma nisanta zoben da ke ɗaure shi. Kankare yana son a yi ta ba shi ruwa aƙalla mako guda, kuma sai ya yi kwana 28 yake kai ƙarfinsa, amma mai gaggawar karɓar kuɗi ba ya jira. Kwanon rufi a sa mai laushi, a ƙi ɗaure shi da jikin gini, iskar farkon damina ta yaye shi. Daga ƙarshe a shafa fenti, komai ya ɓuya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan tsagar tun a teburin da aka raba kwangila take farawa.

Abin da ke hannun malamai da iyaye

A 2004 aka fara zaɓen ƙananan hukumomi, kuma tun tsakiyar shekarun 2000 makarantu suke da kwamitin kula da su da muka fi sani da COGES, ga ƙungiyar iyayen yara da ta iyaye mata. An kafa HALCIA a 2011, sojoji suka kafa COLDEFF a 2023. Irin waɗannan hukumomi suna bin kuɗi ne bayan an riga an ci. Wanda zai iya ganin ƙarfe kafin a zuba masa kankare shi ne wanda ke zaune a garin.

Idan aka kawo gini, kwamiti ya nemi a sanar da shi sunan kamfani, kuɗin aikin, wa'adinsa da wanda ke sa ido a kai, a karanta wa jama'a a taron gari. A samo tsohon magini amintacce daga cikin iyaye ya riƙa leƙawa, musamman ranar haƙar tushe, ranar ɗaurin ƙarfe da ranar zuba kankare. Wayar hannu tana ɗaukar hoto, hoton kuma yana da kwanan wata. A ƙa'idar kwangilar gwamnati ana karɓar gini sau biyu: karɓar farko idan an gama, ta ƙarshe bayan kimanin shekara guda, kuma ana riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har sai an yi ta ƙarshen. Ma'ana, damina ɗaya za ta ratsa ginin kafin a sallame shi. Duk tsagar da ta bayyana, darakta ya rubuta ta ya kai wa sufeto da hukumar gari kafin wa'adin ya cika. Malamin da ke tsoron a yi masa canjin wurin aiki kada a bar shi shi kaɗai, takardar ta fito da sunan kwamiti da sa hannun iyaye.

Kafin siminti ya iso kuwa, rumfar da muke da ita za a iya rage mata haɗari ba tare da an jira kowa ba. A yi mata ƙofa biyu, a bar tazara mai faɗi tsakanin rumfa da rumfa, a share ciyawa da shara a kewaye. Masu tuyar ƙosai da awara su yi nesa da ita da murhunsu. A ajiye tulun ruwa da bokitin yashi. Ƙananan yara su ne za a ba ajin siminti idan akwai ko da guda ɗaya, manya su zauna a zana, don su ne ke iya gudu. A kuma koya wa yara yadda za su fita a jere, a riƙa gwadawa lokaci zuwa lokaci har ya zama musu jiki.

Za a ci gaba da gina azuzuwa a Magarya da Dungas, da kuɗin gwamnati ko na masu tallafi, don yawan yaran ba zai bari a tsaya ba. Ajin da aka gina bana zai ɗauki yara shekara talatin ko arba'in idan an yi shi da gaskiya. Kwanakin da za a iya gane ko an yi shi da gaskiyar ba su wuce ƴan makonnin da tushe yake buɗe, ƙarfe yake waje ba. A waɗannan makonni ya kamata a ga iyaye a bakin aikin. Allah Ya jiƙan yaran Yamai da Maraɗi da Damagaram, Ya tsare na baya.